Shukar da Aina'u Ta Dawo da Ita

An tashi daga aikin safe a majemar Challawa, Falalu ya fito sai ya hango Aina'u a bakin get, rungume da bokitin fenti. Shi ya huda gindin bokitin nan, ya dasa mata wata shuka mai ganye ja da ruwan ɗorawa, wadda ba ta son komai sai hasken taga da ruwa in ƙasa ta bushe.

"Baba ya ce a mayar maka da duk abin da ka ba ni," ta ce, idonta a ƙasa. "Turaren da atamfar, Yaya Sagir zai kawo. Wannan na ce ni zan kawo."

"Me Malam ya ce na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Wai an bincika, ba wanda ya san gidanku a Damagaram. Kuma ya rantse ba zai ba ka aurena ba."

Ya karɓa. Ganyen sai sheƙi, da gani kullum ana goge su.

"Ki riƙe ta mana, Aina'u. Ba ta da wahala."

"Ita ce ba ta da wahala."

Ta juya ta tsayar da adaidaita sahu.

Sai da ta ɓace ya lura an yanke reshe ɗaya, wurin bai ma bushe ba. Shi ya koya mata cewa a kofin ruwa yake yin saiwa. Reshen dai ya samu wurin zama a gidan Malam. Shi kuwa ko zaure ba zai ƙara takawa ba.