Hanyar Gidan Barmo

Tun da aka kafa dokar yanke wa duk ƙauyen da ba shi da injiniya mai takardar shaida layin sadarwa, Barira ba ta ajiye littafi ba. Saura kwana biyu jarrabawar samun takardar. Kullum kafin darasi takan aika saƙon gwaji zuwa na'urar sadarwar garinsu Gidan Barmo, inda innarta ke jinya, ta ga ya dawo.

Yau bai dawo ba.

"Malam Sidi, hanyar saƙo zuwa garinmu ta ɓace."

Malamin nata ya daɗe yana kallon allon kwamfutarta. "Sun riga mu, 'yata, sun yanke layin. Ki goge hanyar daga kwamfutar. A jarrabawa ba a barin matacciyar hanya."

Barira ta ce, "To, Malam." Ta share hawaye, ta sake aika saƙon.