Dutsen da ke Shan Iska

Tunda ka ce aikin ya ƙi ci, ya ƙi cinyewa, zauna ka ji wannan kafin ka tattara kayanka. An yi wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ko baƙi ɗaya ba ta sani ba a boko, amma Allah ya ba ta 'ya mai kai. 'Yar ta yi karatu har ta zama mai bincike a jami'a. Aikinta shi ne gano yadda za a adana wata iska marar nauyi da ake kira haidurojin, wadda ake fatan ta maye gurbin fetur, a can ƙarƙashin ƙasa, cikin duwatsu masu ƙananan ƙofofi kamar soso. Sai ta yanko guntun dutse kamar gwangwanin madara, ta ɗura masa iskar da inji, sannan ta zuƙo ta auna. In ta zuba kashi goma, shida ke dawowa. Sai ta ce wannan dutse ɓarawo ne, ta jefa shi kwali, ta ɗauko sabo. Shekara uku tana haka, duwatsu sun kai arba'in, kowanne gwaji ɗaya tak ta yi masa ta sallame shi. Da abin ya kai mata iya wuya sai ta yanke shawarar barin binciken gaba ɗaya, ta taho gida ta faɗa wa uwarta, idanu sun yi jawur.

Tsohuwa tana zaune tana cuɗa yumɓu, tana saurare. Sunan iskar ma ya gagari bakinta, amma tausayin 'yarta ya kama ta ƙwarai, don tun yarinyar tana rarrafe ta san ta da gaggawa, ba ta jiran kunu ya huce. Kuma wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a kunnenta. Sau nawa mata suka dawo mata da sabuwar randa suna faɗa, wai sun cika ta da safe, kafin la'asar ruwa ya ja baya, lalle tana yoyo? Ita kuwa takan duba gindin randar ta ga ko tsagewa babu, ta ce su je su sake cikawa. Sai ta goge hannu a zani, ta dubi 'yar, ta ce, "'Yar nan, duk karatun naki ba a gaya miki sabuwar randa sai ta sha nata kafin ta riƙe miki naki ba? A cikin duwatsun nan, wanne kika taɓa ba wa sau biyu?" 'Yar ta buɗe baki za ta yi bayani irin na masu digiri, sai ta tuna ko ɗaya ba ta taɓa maimaita wa gwaji ba.

Ta koma ɗakin gwajinta, ta zaro dutse ɗaya daga cikin waɗanda ta yasar, ta sake ɗura masa. Takwas suka dawo. Ta ƙara, tara suka dawo har da ɗoriya. Ashe iskar farko ba ɓacewa ta yi ba, maƙalewa ta yi a lungunan dutsen ta cike su, ta share wa ta baya hanya. Ta kira uwarta a waya, tana dariya tana kuka, ta ce ta fasa barin aikin. Tsohuwa ta ji daɗi har cikin ranta, amma ba ta nuna ba, cewa kawai ta yi a ba wa sauran talatin da taran haƙuri, an yi musu ƙazafin sata. To kai ma koma ka sake cika taka randar. Ba banza ba Hausawa suka ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.