Ƙaramin Makulli

Ranar Asabar, 29 ga Mayu, 1999, rediyo na shelar mulki ya koma hannun farar hula, Tanko makanike ya ɗaura sabon batir a tsohuwar Fijo da ke garejin wani gida a unguwar Koki. Ɗalha direba yana tsaye a kansa, da makullai biyu a hannu.

Shekara talatin da uku ke nan da wata huɗu makullan suna wurinsa. A makon da soja suka fara karɓe mulki, maigidansa Alhaji Mikail, ɗan siyasa, ya kwashi iyalinsa zai gudu. Ya yi minti goma shi kaɗai a gareji, ya fito ya danƙa wa Ɗalha makullan, ana jan hannunsa, bai samu cewa komai ba. Ɗalha ya karɓi amana. Babban makullin na tuƙi ne. Ƙaramin kuwa na aljihun gaban motar ne, inda bara mai tarbiyya ba ya kai hannu.

Ɗalha bai ƙara kwana ko'ina ba sai a gidan. Ya ɗora motar kan duwatsu, yana goge ta kowace Juma'a. Turai, wadda aka yi musu baiko a Haɗeja, ta jira shi shekara biyu. Ba shi da abin yin aure, ba shi da wanda zai bar wa gareji, ta auri wani. A 1979, da farar hula suka karɓi mulki, ya hura tayoyi, ba wanda ya zo.

Sai bana Hajiya Bahijja, 'yar Alhajin, ta dawo daga Sudan. Ta ce mahaifinta ya rasu tun a hanya, lokacin tana goye, ta kuma sa a tayar da motar. Wata biyu Tanko yana fama da tsatsa da sheƙar ɓera.

Injin ya yi tari sau uku, ya kama. Tanko ya share gumi, ya ce ta tashi, sai dai ba ta hawa titi babu takardu.

"Buɗe mana aljihun, Baba Ɗalha," in ji Bahijja.

Ya sa ƙaramin makullin, ya buɗe. A saman takardun akwai ambulan ɗauke da sunansa cikin ajami, rubutun da ya iya karantawa. Kwanan watan da ke jiki 17 ga Janairu, 1966.

"Ɗalha, motar nan taka ce halak malak. Kada ka jira ni ko kwana ɗaya. Ka tafi Haɗeja yau."