Tankin Solar Malam Ɗalha

Kwana bakwai ke nan Malam Ɗalha na wanka da ruwan sola. 'Yarsa ce ta sa aka ɗora tankin, mai ɗumama ruwa da zafin rana, a saman ɗaki bayan rasuwar matarsa 'Yardada, wadda ta shekara arba'in tana dafa masa ruwan wanka da asuba.

Ruwan na zuwa da zafi daidai jikinsa, sai dai ƙaurin itace yake yi.

Ya kira Lawal, wanda ya ɗora tankin. Lawal ya hau ya duba, ya sauko ya ce:

"Baba, ai ban haɗa bututun ba tukuna. Ko ɗigo babu a ciki."

Malam ya tsuguna ya taɓa tokar murhun da ba a hura ba tun ranar jana'iza.

Da ɗuminta.