Goran Nono a Farin Falo

Nyokabi ta tsaya a tsakiyar falon da za ta tare bayan biki, can ƙololuwar wani dogon bene a unguwar Kilimani. Farin bango, kujera ɗaya tal, sai gilashi har ƙasa. Ko kwandon kakarta ma, angonta Mutiso ya hana ta kawowa, wai Jeptoo, mai tsara adon gidan, ta ce tarkace ne.

Amma ga wani gora ya hakimce a kan kanta shi kaɗai.

"Wannan fa, angona? Shi ba tarkace ba ne?"

"Ado ne kawai," in ji Mutiso, idonsa na kan taga. "Jeptoo ta ce ya dace da farin bangon."

Ta cire murfin. Ƙamshin kindirmo da gawayi ya daki hancinta, irin wanda matan ƙabilar su Jeptoo ke haɗa wa mazan da suke so. Ta karkata goran, nono ya ɗiga a farin tayil.

"Adon naka ko tsami bai gama yi ba."

"Nyokabi, tsaya ki ji..."

Ta zare zobenta, ta jefa cikin goran, ta ɗauki jakarta.

"Ka gaishe ta. Ka ce na rage muku tarkace."