Wanda Ke Taɓa Murhun Odell

Odell Pettigrew ya farka daga gyangyaɗinsa na ƙarfe biyu ya tarar da ƙofar iskar murhun a rufe rabi. Shi kuwa a wangale ya bar ta.

Karo na uku ke nan. Ya ɗaga murfi ya leƙa haƙarƙarin aladen da ke shan hayaƙi tun hantsi, sai ya ji wani ƙamshi-ƙamshin tuffa, alhali shi bai taɓa sa wa nama tuffa ba. Ga kuma sawun takalmi a ciyawa, ya miƙe har ƙaramar ƙofar da ke jikin shingen katako. Bayan shingen nan gidan Roscoe Tibbs ne.

Shekara goma sha ɗaya Odell na cinye gasar gashin nama ta cocinsu a birnin Memphis, Roscoe na biye masa a na biyu. Tun da Earline, matar Odell, ta rasu bara, wannan kambu kaɗai ya rage masa abin tinƙaho. Dama zuciyarsa ba ta kwanta da Roscoe ba tun ranar da ya same shi a asibiti, Earline na yi masa raɗa, suka yi tsit da ya shigo.

Gaskiya naman bai taɓa lalacewa ba, duk da taɓe-taɓen. Odell ya ɗauka hannunsa ne ya fi ƙarfin sharri. Amma ranar gasa ba ranar ganganci ba ce.

Asabar ɗin da za a yi gasar, ya garƙame ƙofar shingen da kwaɗo, ya cika buta da kofi, ya ja kujera gaban murhu. Ya shafe naman da yajinsa, ya jera itacen hikori a kan gawayi, ya wangale ƙofar iska yadda ya saba. Ƙarfe biyu ta yi, barci ya zo, ya kore shi da kofi.

Sai ga kan Roscoe a saman shinge.

"Ɗan'uwa Odell, yau ba a runtsawa ne?"

"Na ƙoshi da barci. Kai dai ka ji da tukunyarka."

"Wutar nan ba ta yi yawa ba kuwa?"

"Ji mai zuwa na biyu zai koya mini wuta! Sauka kafin gwiwar nan taka ta tona maka asiri."

Roscoe ya dubi hayaƙin, ya sauka. Har sau biyu ya sake leƙowa, yana ta murza hula a hannu. Odell ya ji daɗi har ransa: ɓarawo ya ga kwaɗo.

Ƙarfe huɗu ya ɗaga murfi. Naman ya yi baƙi ƙirin, ya bushe ƙayau kamar tsohon takalmi, wuƙa ma da ƙyar ta shiga. Saura awa ɗaya a fara ɗanɗanawa a coci. Odell ya fizge kwaɗon, ya faɗa gidan Roscoe da haƙarƙari ɗaya a hannu.

"Me ka yi wa naman nan? Faɗa mini, munafuki!"

"Yau kam ban yi komai ba, ɗan'uwa. Kai ka hana ni."

Roscoe ya ɗingisa cikin ɗaki, ya fito da wata takarda da ta sha ninki, ya miƙa masa yana kallon ƙasa. Tun kafin Odell ya laluɓo tabarau ya gane rubutun Earline.

"Roscoe, ƙarfe biyu yake barci. Ka rage iska rabi, ka yayyafa ruwan tuffa, ka mayar da ƙofar iskar yadda take kafin ya farka. Shekara goma sha ɗaya ina yi bai sani ba, don Allah kada ka bari ya sani."