Dogon Kara da Baƙin Ramin Taurari

Zauna mana, Hansatu, tun ɗazu kike kai da kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na ji ki sarai. Kin ce kowane garken taurari yana da baƙin rami a tsakiyarsa, ido ba ya ganinsa, sai dai a gane nauyinsa daga gudun taurarin da ke kewaya shi. Kin auna garke goma sha biyu, kin ga duk inda garke ya fi girma raminsa ya fi nauyi, kuma gobe kike so ki tsaya gaban taron masana ki ɗora sunanki a kan wannan magana. To saurara.

Wani manomi ne ya dasa rogo, zumuɗi ya hana shi sakat. Kullum yana gona, ya shiga ya fita, don rogo ba ya nuna abin da ya ɓoye a ƙasa. Ran nan ya kasa daurewa, ya tuge guda goma a bakin hanya, inda ƙasa ke da laushi. Duk mai dogon kara saiwarsa ta kai damtse, gajere kuwa ba abin kirki. Shi ke nan, gogan naki ya samo doka! Ya hango can ciki, ƙarƙashin ɗorawoyi, kara duk ya fi mutum tsawo. Matarsa ta ce ya je can ma ya tuge ko biyu ne, ya ce ƙasar can tauri gare ta, ga nisa, goma kuma ai sun isa shaida. Ya kwashe geron rumbu ya sayar, ya sayo kwanon rufi, wai rogo zai riƙe gida har kaka. Da aka zo haƙa, ashe na inuwa tsawo kawai ya yi yana neman rana, saiwar kamar yatsa. Haka iyalinsa suka yi damina a ƙarƙashin sabon kwano, ruwa na dukansa, cikinsu na kuka.

Garkunan nan naki duk na kusa ne masu haske, waɗanda na'urar hangen nesa ke kamawa ba wahala. Na bakin hanya kika tuge, 'yar nan, kuma wallahi ina jiye miki kunyar gobe. Ban ce dokarki ƙarya ba ce, ta yiwu ta tabbata. Amma koma ki taɓo masu dishi-dishin nan na nesa tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.